Adaidaita Ba Hayaƙi

SHAFI NA 19

Jama'ar gidan nan, barkanmu da warhaka. Na ga ƙorafinku, har da masu bi na ta bayan fage suna cewa na bar Shahida a kan hanya na tafi harkata. Ku yi haƙuri, biki muka yi a Gwiwa, hannuna bai zauna ba. Wannan shafin naku ne, matan direbobi da na makanikai da kuka ce labarin ya shigo har tsakar gidanku. Wanda yau ya fara leƙo mu kuma, samu wuri ka zauna, ba ka makara ba.

*

Shahida ba ta ko biya gida ta ajiye jaka ba. Daga Dutse kai tsaye ta ce wa direba ya sauke ta a Kanti, cikin Kazaure, bakin garejin Kawu Daudu.

Rabonta da wurin tun ranar da aka ji muryarta a rediyo tana bayanin masana'antar adaidaita mai batir da wani kamfanin Indiya zai kafa a hanyar Roni. Ita ce jami'ar da ofishin zuba jari ya ɗora wa aikin. Shi kuma Kawu Daudu, yayan mahaifiyarta, shi ne shugaban ƙungiyar makanikan adaidaita na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Tun daga ranar ya daina ɗaga wayarta.

Yau kuma bayan la'asar ƙungiyar za ta zauna ta yanke hukunci a kan kamfanin.

Tana taka ƙafarta cikin garejin wani makanike ya taka wa wata tsohuwar adaidaita wuta. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe wurin. Ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci, sai kuma ta yi saurin saki, don ta hango ƙafafun Kawu a ƙarƙashin wata adaidaitar, ta san yana kallonta.

Ta durƙusa a kan ƙasar da baƙin mai ya riga ya rine.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya."

"Ya aiki?"

"Ga shi muna yi, kafin ku hana."

Ya fito daga ƙarƙashin adaidaitar, ya goge hannu da tsumma, ya bi ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa garejin da gidansa ba tare da ya sake kallonta ba. Ta miƙe ta bi bayansa.

A tsakar gida matarsa Inna Fatu na zaune tana ɓare gyaɗa. Tana ganin Shahida sai ta saki fuska, tana ganin fuskar mijinta kuma ta mayar da murmushin ciki.

"Lale da mutanen Dutse. Shigo ki sha ruwa."

"Ba zama ta zo yi ba," in ji Kawu.

"Kawu, don Allah ka saurare ni, ko a tsaye ne."

"Na saurare ki a rediyo. Duk Jigawa ta saurare ki. Kin ce hayaƙinmu ne ke cika asibiti."

"Ban ce ku ba, Kawu. Injin na ce."

"Injin wa ke gyara shi?"

Kafin ta buɗe baki ya ci gaba.

"Da wannan hayaƙin kika yi makaranta, Shahida. Da shi aka saya miki littafi, da shi aka kai ki Zariya. Yau kin samu kujera mai juyawa, warinsa ya dame ki."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. Tun a mota ta yi wa kanta alkawarin ba za ta yi kuka ba.

"Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Shi ya sa na baro ofis ban ko nemi izini ba. Kawu, abin da za ku yanke yau, ku zai cutar."

"To malama, koya mana."

"Gwamnati ta riga ta gama magana a kan hayaƙi. Sannu a hankali za a hana tsofaffin injina shiga tsakiyar gari. Wannan ko da kamfani ko babu kamfani, yana nan tafe. Ba ni na yanke ba, ba kuma ni zan iya tsayar da shi ba."

"Sai me?"

"Shi kamfanin an ba shi fili, an sassauta masa haraji. Amma ba kyauta ba. An gindaya masa sharuɗɗa. Dole a nan zai riƙa haɗa adaidaitar, ba ya shigo da ita a gama ba. Dole ya yi tarayya da ɗan ƙasa. Duk batirin da ya mutu, shi zai kwashe abinsa. Sannan dole ya koya wa makanikan yankin nan gyaranta, kyauta, kafin ya sayar da ko guda."

Ta ɗan tsaya ta ja numfashi.

"Wannan na ƙarshen ni na dage aka saka shi. Sai da na yi faɗa da Darakta a kansa. Saboda kai na yi."

Kawu ya yi wata dariya marar daɗi.

"Saboda ni. To ba ma so. Abin da za mu gaya musu ke nan yau. In suka ga ba mai karɓarsu, su naɗe kayansu su koma inda suka fito. Alhaji Sabiru ya yi mana bayani dalla-dalla."

Alhaji Sabiru shi ne mataimakin Kawu a ƙungiya, mai shagunan kayan gyara a Kazaure da Babura. Duk garin an san ba wanda ya kai shi zafi a kan kamfanin.

"Ba inda za su koma, Kawu. An riga an zuba harsashin gini, na gani da idona. Su ma ba son sharaɗin koyarwar suke ba, yana ci musu lokaci. Yau da safe Darakta ya kira ni ofishinsa. Ya ce in dai makanikan da kansu suka ce ba sa so, za a cire sharaɗin. Kamfani ya kawo nasa ma'aikatan. Adaidaita mai batir ta cika gari, ku kuma kuna zaune a gareji kuna jiran injin da aka hana shi hawa titi."

Hannun Inna Fatu ya tsaya a cikin faranti.

Kawu ya kawar da kai.

"Wa ya sani ko ke ma aiko ki aka yi?"

"Kawu!"

"Na yi magana a gaban mutane. Na ce muddin ina kan kujerar nan, ba makaniken da zai taɓa abin nan. Ba zan koma in lashe ba. Tashi ki je ki gaida uwarki."

Ya juya zai shige ɗaki.

"Malam."

Muryar Inna Fatu ce. Ba ta ɗaga ta ba, amma sai da ya tsaya.

"Malam, ka buɗe mata ɗakin baya."

"Fatu."

"Ka buɗe mata."

"Fatu, ki kiyaye ni."

"Na kiyaye ka tun damina. Na gaji. Yarinyar nan ta taso tun daga Dutse, ta durƙusa maka a cikin baƙin mai, kana ce mata 'yar aike. In ba za ka buɗe ba, ni na san inda makullin yake."

Shahida ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Inna, wane ɗaki?"

Inna Fatu ta ajiye farantin, ta karkaɗe zaninta, ta nufi tukunyar ruwa. Ta ɗaga murfin wani tsohon kwano da ke bayanta, ta zaro makulli. Kawu na tsaye yana kallo. Bai hana ta ba. Kafaɗunsa ne kawai suka sauka, kamar wanda aka sauke wa buhu.

Ɗakin langa-langa ne a can ƙarshen gidan, inda Shahida ta san ana tara tsofaffin tayoyi tun tana yarinya. Ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Babu taya ko ɗaya. Wani abu ne babba a tsakiya, an lulluɓe shi da tamfol.

Inna Fatu ta kama gefen tamfol ɗin ta yaye.

Adaidaita ce. Tsohuwa, fentinta ya koɗe, kujerar baya an ɗinke ta da zare. Shahida ta zagaya bayanta, sai ta tsaya cak.

Babu inji.

Babu salansa, babu tankin mai. A gurbinsu wani ɗan injin lantarki ne da bai fi tulu ba, an ɗaure shi da ƙarfen da aka yi wa walda da hannu. A ƙarƙashin kujera kuma baturan sola ne a jere, wayoyi ja da baƙi sun bi ta kansu, kowacce an naɗe bakinta tsaf.

Ta juyo a hankali.

Kawu na bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Kawu... wa ya yi wannan?"

Ya juya fuskarsa waje.

"Shi ya yi," in ji Inna Fatu. "Ya je Kano ya fi a ƙirga yana neman kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa, yana ce wa mutane filogi ya je saye. Duk yamma in an tashi daga gareji, nan yake shigewa da waya a hannu, yana kallon wasu mutane suna yare yana kwaikwayo. Wuta ta ja shi, ta jefar da shi har bakin ƙofar nan. Dubi bayan hannunsa."

"Fatu, ya isa."

"Bai isa ba. Shugaban masu cewa ba a so, ga abin da yake ɓoyewa a bayan gida."

Shahida ta ja da baya. Ta zauna a bakin kujerar adaidaitar.

"Kawu, me ya sa?"

Ya shigo a ƙarshe. Ya jawo wani galan ya zauna a kai, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai kalle ta ba da ya fara magana.

"Ranar da ciwon uwarki ya tashi, kina Dutse. Ni na ɗauke ta zuwa asibiti a adaidaitata. Muka zo Kanti, hanya ta cushe, tirela a gaba, 'yan'uwanmu a ko'ina kowa na taka wuta. Hayaƙi ya cika mana ciki. Sai na ji ta kama rigata ta baya. Ta ce, Yaya, numfashi. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan."

Ya murza hular.

"Da muka isa likita ya tambaye ni aikin me take yi. Na ce abinci take sayarwa. Ya ce a ina? Na ce a bakin garejina, tun rasuwar mijinta. Bai ce min komai ba. Kallona kawai ya yi ya ci gaba da rubutu."

Hawayen da Shahida ta yi alkawarin riƙewa suka zubo. Ba ta share ba.

"Na dawo na ce sai na yi wadda zan riƙa kai uwarki Ma'u asibiti ba ta yi tari ba. Shi ke nan. Ba don gwamnati ba, ba don kamfani ba."

"To Kawu, tunda ka san haka, me ya sa kake yaƙar abin?"

Ya ɗago ido karon farko.

"Saboda ba ta magana."

"Na'am?"

"Inji, Shahida, da kunne nake gyara shi. Adaidaita ta shigo layin nan, tun kafin ta tsaya na san kabireta ce ko filogi. Inji yana gaya maka inda ke masa ciwo. Wannan kuwa shiru take. In ta lalace, shiru. In tana lafiya, shiru. Na zauna a gabanta kamar wanda bai taɓa riƙe sifana ba."

Ya nuna furfurar kansa.

"Da wannan zan je in zauna a benci, wani sa'an jikana yana nuna min ja da baƙi? A gaban mutanen da ni na koya musu kwance taya? Kuma in ni na kasa, su fa? Akwai wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma yana ciyar da gida da inji. In na ce su bi ni, muka je muka kasa, me zan gaya wa matansu?"

Shahida ta sauko daga kujerar ta durƙusa a gabansa.

"Kawu, ba zan yi maka ƙarya in ce kowa zai iya ba. Wasu za su sha wuya. Amma in an cire sharaɗin nan, ba wanda zai ma samu damar gwadawa. Kai ba ka da malami, ba ka jin yaren masu bidiyon, ka kawo ta nan. Ina ga an ba ka wanda za ka tambaya?"

Ta waiwaya ta kalli adaidaitar.

"Tana tafiya kuwa?" ta tambaya.

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa.

"Tana tafiya. Tudu ne ba ta so."

"Kuma garin namu duk tudu," in ji Inna Fatu. "Ni ce fasinjarta. Ranar nan bayan asuba ya ce in hau mu gwada. Har bakin dam ya kai ni, ina zaune kamar matar gwamna. Dawowa kuwa, ni da shi muka turo ta. Cinyata ta yi mako tana ciwo."

Dariya ta kuɓuce wa Shahida a cikin kuka. Kawu ya harari matarsa, amma shi ma sai da ya sunkuyar da kai yana girgiza shi.

Daidai nan aka kira la'asar.

Ya miƙe ya mayar da hularsa, ya fita bai ce komai ba.

Shahida ta kalli Inna Fatu.

"Inna, ya ji kuwa?"

"Tashi mu yi salla. Mutumin nan in zai ƙi, a take yake ƙi. In ya yi shiru, to yana aunawa."

Suna sallamewa suka ji shigowarsa. Ya wuce ɗaki, ya ɗan jima, ya fito cikin farin kaftaninsa na Juma'a.

"Fatu, buɗe babbar ƙofa."

Inna Fatu ta dafe ƙirji.

"Malam, da ita za ka?"

"Da baki na ce ba a so. In na je da baki na ce a so, za su ce an saye ni. Gara su gani."

Ya juyo wurin Shahida, ya ɗaga yatsa.

"Ke kuma ki ji. In za a koyar, ba 'yan Kazaure kaɗai ba. Mutumin Gwiwa da na Babura ba su da kuɗin motar zuwa kullum, a san yadda za a yi da su. Kuma da Hausa za a yi, ba da Turancinku ba."

"Zan tsaya a kai, Kawu."

"Batun mataccen batir kuma, kada in ga ko ɗaya a bola ko a bakin dam. Shanun Fulani a nan suke sha, mu ma a nan muke sha. Kada a raba mu da hayaƙi a haɗa mu da guba."

"Yana cikin sharaɗi."

"Sharaɗi a takarda daban, a ƙasa daban. Ke zan riƙe."

"Na yarda."

"To hau."

Ya murɗa makulli. Wata 'yar fitila koriya ta kama. Ba ƙara, ba girgiza. Shahida na shirin tambaya ko ta tashi, sai ta ga bangon gidan yana wucewa.

Suka fito layi.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne tana jin komai. Tana jin kukan kaji, tana jin mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa, tana jin tayoyin suna taka tsakuwa. Har numfashin Kawu tana ji, da ɗan tarin da yake dannewa. Mai shayin bakin kwana ya saki ludayi ya miƙe tsaye.

"Malam Daudu! Gangara take ko me?"

"Tafiya take!" in ji Kawu, bai waiwaya ba.

Maimakon ya miƙe titi, sai ya karya kwana ya shiga layin su Shahida. A ƙofar gida mahaifiyarta Ma'u na zaune a tabarma tana shan iska, abin shaƙarta na asma a gefe. Tana hango adaidaita ta kai hannu ga mayafi za ta rufe hanci, yadda ta saba. Hannun ya tsaya a hanya.

Kawu ya taka birki a gabanta.

"Yaya? Shahida? Yaushe kika... Wannan fa? A kashe take?"

"A kunne take, Umma."

Umma ta miƙe da ƙyar, ta zagaya bayan adaidaitar, ta sunkuya daidai inda salansa ya kamata ya kasance. Ta ja numfashi. Ta sake ja, mai tsawo.

Ba ta yi tari ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

"Taki ce," in ji Kawu, idonsa a kan titi. "In na dawo ma yi magana. Ki yi mana addu'a."

"Allah ya ba da sa'a, Yaya. Allah ya rufa asiri."

Tudun da ke kafin ofishin ƙungiya ne ya so ya ba su kunya. Adaidaitar ta fara ja da ƙyar, fitilar ta koma ruwan ɗorawa. Shahida ta tattare zaninta za ta sauka ta tura.

"Zauna!" in ji Kawu. Ya sunkuya kan sitiyarin yana magana ƙasa-ƙasa. "Haba 'yar albarka. Yau kaɗai. Kada ki yi min haka yau."

Ta haye.

Harabar ofishin ta cika maƙil. Makanikai da direbobi, wasu a benci, wasu a kan adaidaitarsu, wasu sun hau katanga. Ba a jira shugaba ba. Alhaji Sabiru na tsaye a kan tebur cikin babbar riga, lasifika a hannu.

"Za mu bari baƙo ya zo ya raba mu da sana'ar iyayenmu?"

"A'a!"

"Muna son koyarwarsu?"

"Ba ma so!"

"To duk wanda ba ya so, ya ɗaga..."

Maganar ta maƙale.

Ba wanda ya ji shigowarsu. Sai da adaidaitar ta ratsa tsakiyar taron mutane suka fara darewa, kowa na kallon bayanta yana neman hayaƙi. Ta tsaya daidai gaban tebur.



Kawu ya sauko, ya gyara hularsa, ya miƙa hannu. Alhaji Sabiru ya ɗan yi jim kafin ya ba shi lasifikar.

"Assalamu alaikum."

Aka amsa a rarrabe.

"Na ce muku ba makaniken da zai taɓa abin nan. To ga shi, ni na fara taɓawa."

Hayaniya ta tashi.

"Sun ba shi kyauta!" Alhaji Sabiru ya ɗaga murya. "Jama'a kun gani da idonku! Ga 'yar ƙanwarsa a baya, ita ta kawo masa!"

"Sabiru, sauko ka duba waldar," in ji Kawu. "Duk wanda ya taɓa zama a garejina ya san hannuna."

Kafin Alhaji Sabiru ya motsa, wani makanike daga Babura, Muhammad Sani, ya riga ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashinta. Aka jira. Muryarsa ta fito daga can.

"Wallahi waldar Malam ce! Ga irin ɗaurinsa nan!"

Sai wuri ya rikice. Masu katanga suka diro. Wannan na leƙa batir, wancan na shafa injin, wani na tambayar tana kai Roni, wani na cewa a ba shi ya ɗana.

"Ba ta kai Roni," in ji Kawu a lasifika. "Tudu ma da roƙo take hawa. Akwai abin da ban sani ba a cikinta, kuma ina so in sani. In kamfani ya ce zai koyar, ni Daudu zan zauna a bencin gaba da furfurata. Wanda zai zauna kusa da ni, bismilla. In muka ce ba ma so, ba tafiya za su yi ba. Wasu za a kawo su ci abincinmu muna kallo."

Hannu ɗaya ya tashi. Na Muhammad Sani ne, daga kwance. Aka yi dariya. Sai wani ya ɗaga, sai wani, sai layin 'yan Gwiwa gaba ɗaya.

Shahida ta rufe baki da mayafi.

A nan ne ta lura da farar motar da ke fake a ƙarƙashin darbejiya, can gefen harabar. Ƙofarta ta buɗe. Wani Ba'indiye mai tabarau ya fito, ya ratso mutane yana ba da haƙuri da hannu. Ta san shi. Mista Raman ne, babban injiniyan kamfanin, sun sha zama a teburi ɗaya a Dutse.

Bai kalli kowa ba. Ya tsuguna a bayan adaidaitar da wandonsa mai guga, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago yana murmushi har kunne. Sai ya ga Shahida, ya matso kusa da ita, ya yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa.

Ya ce wanda ya haɗa wannan, yana son ganinsa gobe a wurin gini. Ya ce an gaya musu makanikan nan ba sa son koyo, ga shi ya ga akasin haka.

"Wa ya gaya muku?" Shahida ta tambaye shi. "Kuma me ya kawo ka taron ƙungiya?"

Ya kalle ta da mamaki, kamar ta tambayi abin da kowa ya sani. Ya ce ai abokin tarayyarsu na gida ne ya gayyato shi, don ya shaida ƙin amincewar da idonsa. Shi abokin tarayyar ne zai riƙe sayarwa da gyara gaba ɗaya in an cire sharaɗin.

Shahida ta dube shi da kyau. Ita sunan wani kamfani mai adireshin Kano kawai ta sani a matsayin abokin tarayya. Ba ta taɓa ganin mai shi ba.

"Yana nan wurin?"

Mista Raman ya juya, ya ɗaga hannu cikin fara'a ya gaida mutumin da ke kan tebur.

Alhaji Sabiru ne. Gumi ya jiƙa wuyan babbar rigarsa. Idonsa na kan Shahida, yana girgiza mata kai a hankali.

Hayaniyar ta fara lafawa. Ɗaruruwan idanu suka dawo kanta.

Kawu Daudu ya matso, ya kara mata lasifikar a baki.

"Shahida, me Baturen ya ce?"